Idan Gwajin Bakin Mahaifa Ya Nuna Matsala: Haƙƙin Matanmu Da Nauyin Da Ke Kanmu

'Yan'uwa magidanta da iyayenmu mata mazauna Sabo-Sabo da zango-zango na ƙasar Kurmi, muna yi muku fatan alheri.

A 'yan shekarun nan gwajin bakin mahaifa ya iso unguwanninmu. Wani lokaci a ƙaramin asibitin unguwa ake yi wa mace idan ta koma bayan haihuwa ko ta je neman tazarar haihuwa, wani lokaci kuma ma'aikatan lafiya ne kan zo su yi kwana ɗaya ko biyu suna yi wa mata kyauta. Wannan abin a yaba ne. Abin da ke damunmu shi ne abin da kan biyo baya idan an miƙa wa mace 'yar takarda an ce mata, "An ga wani abu, ki dawo." Wata sai ta ninke takardar ta cusa a ƙasan akwati saboda tsoro. Wata ta nuna wa maigida, maimakon a yi maganar asibiti sai a koma rigimar inda ta kwaso ciwon. Wata kuwa a ɗaure mata kaya a sa ta a motar Arewa, wai a je gida a nemi na gargajiya.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Sakamakon da ya nuna matsala gargaɗi ne da ya zo da wuri, kuma mafi yawan lokaci ba sankara yake nufi ba. Haƙƙin mace ne a yi mata bayaninsa da harshen da take ji, a rufa mata asiri, a kuma bi ta da kulawa har ƙarshe. Nauyi ne a kan maigida da al'umma su ga ta koma asibiti a ranar da aka sa mata.

Maganar ba ƙarama ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na shekarar 2020 sun nuna cewa mata kimanin 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya a wannan shekara, kimanin 8,000 kuma suka rasu. In aka ɗebe sankarar mama, babu wadda ta kai ta yawa a tsakanin matan ƙasar nan. Abin takaicin shi ne, tana cikin 'yan sankarorin da ake iya tarewa tun kafin su kama.

Me Ake Dubawa?

Bakin mahaifa shi ne ƙasan mahaifa, wato ƙofar da ke buɗewa lokacin naƙuda jariri ya fito. Fatar da ta lulluɓe wurin takan soma canzawa a hankali shekaru masu yawa kafin ta rikiɗe ta zama sankara, kuma a duk tsawon wannan lokaci mace ba ta jin ciwon komai. Gwajin yana neman wannan canji ne, shi ya sa lafiyayyar mace ake yi wa shi.

Hanya uku ce ake bi a asibitocin ƙasar nan. Ta farko ita ce gwajin Pap, wanda ya samo suna daga likitan da ya ƙirƙiro shi, George Papanicolaou, mutumin ƙasar Girka da ya yi aiki a Amurka. Ana sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa a buɗe gaban mace, a shafo bakin mahaifa da ɗan buroshi, a kai ɗakin bincike a duba a madubin likita. Sakamakonsa kan ɗauki kwanaki ko makonni. Ta biyu ita ce gwajin binega, wanda a takarda ake rubuta VIA. Ana shafa ruwan binega mai sauƙi a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, inda fata ta canza sai ya yi fari. Nan take ake faɗa wa mace sakamako, kuma shi ne aka fi yi a ƙananan asibitoci don arha ne. Ta uku ita ce gwajin ƙwayar cutar HPV kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a kan sauran tun 2021. A inda ake da kayan wannan gwajin, mace tana iya shiga ɗaki ita kaɗai ta ɗauko samfurin da hannunta ta miƙa, wanda ya sauƙaƙa wa masu jin nauyi.

Sanin irin gwajin da aka yi wa mace yana da amfani, domin ma'anar "an ga matsala" ta bambanta daga wannan zuwa wancan.

Abubuwan Da Kan Sa Sakamako Ya Fito Da Matsala

Babban dalili shi ne ƙwayar cutar HPV. Tana da ire-ire fiye da 100, amma kimanin 14 ne ke iya kai ga sankara, biyu daga cikinsu kuma, wato mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar da ke tsakanin ƙwayar da wannan sankara, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ana ɗaukar ta ne ta hanyar saduwa da haɗuwar fatar al'aura, kuma yaɗuwarta ta kai matsayin da kusan duk wanda ya taɓa saduwa, mace ko namiji, zai gamu da ita a rayuwarsa. Rahamar da ke ciki ita ce, a cikin mutum 10, kimanin 9 jikinsu kan kawar da ita da kansa cikin shekara biyu ba tare da sun ma sani ba. Wadda ta maƙale ta ƙi tafiya ita ce abin tsoro, kuma ko ita kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara a jikin mace mai ƙarfin garkuwa. Wannan doguwar tazara ita ce damar da Allah Ya ba mu.

Dalili na biyu shi ne kumburi da ciwon sanyi ke jawowa. Ƙaiƙayin gaba, fitar farin ruwa mai kauri, ko ruwa mai ƙarni, duk suna iya sa bakin mahaifa ya yi ja ya kumbura, har ya rikitar da mai dubawa. A gwajin binega, wurin da ya kumbura yakan yi fari ko da babu wani mugun canji a ƙarƙashinsa. Irin wannan magani ake ba mace, wani lokaci har da mijinta, sannan a sake gwajin bayan ta warke.

Na uku, shekaru. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin da ke riƙe laushi da kaurin fatar wurin yakan ragu, fatar ta bushe ta yi siriri, sai ta fito a madubi kamar mai matsala. Mai shayarwa ma takan samu irin wannan bushewar na ɗan lokaci.

Na huɗu, yadda aka ɗauki samfurin. Idan an yi gwajin Pap mace tana cikin jinin al'ada, ko ta sadu da mijinta a daren, ko ta yi wankin ciki, abin da aka shafo zai iya gaurayewa ya ƙi karantuwa. A nan dole mu faɗi wata magana ga iyayenmu mata. Matsi da sauran kayan mata da ake cusawa, da alimun, da turaren tsuguno, suna iya ƙona fatar wurin ko su busar da ita. Ƙa'idar likitoci ita ce kada a sa komai a gaba kuma kada a sadu na kwana biyu kafin gwajin. Idan an yi amfani da wani abu, a faɗa wa nas gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyar, raunin garkuwar jiki. Mace mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, haɗarin kamuwarta da wannan sankara ya ninka na sauran mata kusan sau shida, kuma a jikinta abin kan iya kai wa ga sankara cikin shekara 5 zuwa 10. Shan taba, fara saduwa da ƙuruciya sosai, da yawan haihuwa, su ma suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Biyun ƙarshe sun shafi gidajenmu da yawa, shi ya sa uwar 'ya'ya takwas da aka aurar tun tana yarinya ta fi kowa cancantar a kai ta gwaji.

Daga ƙarshe, a wasu 'yan lokuta gwajin kan gano sankara da ta riga ta soma. Ko ita, idan an kama ta tun tana ƙarama, ana warkewa.

Maganar Zargi

Wannan ita ce gaɓar da ke rusa gidaje, don haka muke kira ga magidanta su karanta ta da kyau. Da zarar an ji cewa ta saduwa ake ɗaukar ƙwayar, sai shaiɗan ya samu wurin shiga. To a sani, babu likita ko na'urar da za ta iya faɗin ranar da ƙwayar HPV ta shiga jikin mace, ko daga wa ta same ta. Tana iya kwanciya shiru shekara goma ko fiye sannan ta bayyana. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauke da ita, domin shi namiji yakan ɗauke ta ba tare da wata alama ba, kuma babu gwajin yau da kullum da ake yi wa maza a kanta. Mu al'umma ce da ake aure a rabu a sake wani, ake auren zawarawa, ake kuma zama da mata biyu zuwa huɗu, duk a bisa halal. Ƙwayar tana iya biyo aure na halal ta shiga wani aure na halal ba tare da kowa ya saɓa wa Allah ba.

Saboda haka wanda ya ɗauki takardar asibiti ya mai da ita hujjar tuhumar matarsa ya zalunce ta, kuma ya jahilci abin da takardar ke cewa. Malamanmu sun sha faɗa mana nauyin ƙazafi da irin shaidun da shari'a ta gindaya kafin a buɗe baki a kan mutuncin mace. Ita ma matar kada ta juya zargin kan miji ko kan abokiyar zamanta, domin dalilin ɗaya ne.

Abin da hankali ya nuna shi ne, idan an samu ƙwayar a jikin ɗaya daga cikin matan gida, sauran ma su je a duba su, a yi shi cikin sirri ba tare da gori ko habaici ba. Illar zargi ba ta tsaya ga gidan da aka yi shi ba. Duk matar da aka saka saboda takardar gwaji, maƙwabtanta goma sun ɗauki darasi, ba za su ƙara yarda a duba su ba.

Haruffan Da Ke Jikin Takarda Da Abin Da Ke Biyo Baya

Takardar da Turanci take zuwa, cike da haruffan da ko wanda ya yi boko bai san su ba. Idan an rubuta ASC-US, an ga ɗan canjin da ba a tabbatar da ma'anarsa ba, kuma shi ne mafi sauƙi. LSIL ƙaramin canji ne wanda sau da yawa yakan koma daidai da kansa. HSIL babban canji ne da ke buƙatar a duba da gaggawa, amma shi ma bai zama sankara ba tukuna. Idan an ce an samu HPV, ana nufin ƙwayar tana nan, sai a ƙara dubawa a ga ko ta yi ɓarna. Wani lokaci kuma cewa za a yi samfurin bai isa ba, a sake.

Mataki na gaba ya danganta da abin da aka gani. Wata magani za a ba ta, wata a ce ta dawo bayan wata shida ko shekara guda a sake gwaji. Wata kuma a tura ta kolposkofi, wato a haska bakin mahaifa a dube shi da babban madubi, in da buƙata a tsinko ɗan nama da bai wuce ƙwayar shinkafa ba a kai bincike. Kada a tsorata da wannan, domin tsinko naman ba ya sa ciwo ya bazu kamar yadda ake yaɗawa. Sakamakonsa kan zo da CIN 1, CIN 2 ko CIN 3, gwargwadon zurfin canjin. Na farko yawanci sa ido ake yi, na biyu da na uku ake yi wa aiki.

Aikin kansa ba babba ba ne. Akwai ƙona wurin da wani ɗan ƙarfe mai zafi na ƙasa da minti ɗaya, akwai daskarar da shi da iska mai tsananin sanyi, akwai kuma yanke shi da siririyar waya mai lantarki bayan an kashe zafin wurin da allura. Mace za ta koma gida a ranar, mahaifarta tana nan, kuma za ta iya ci gaba da haihuwa. Wadda aka yi wa yankan waya ta faɗa wa masu awo idan ta samu ciki, domin akwai ɗan ƙarin yiwuwar haihuwa kafin lokaci. Bayan aikin za ta ga ruwa ko ɗan jini na wasu makonni, kuma likita zai hana saduwa da cusa wani abu na kimanin wata guda. Nan ma haƙurin maigida magani ne. Idan jini ya yi yawa, ko zazzaɓi ya taso, ko ruwa mai wari ya fito, a koma asibiti ba jira. Bayan wata 12 kuma wajibi ne a sake gwaji don a tabbatar abin bai dawo ba. Mai ciki da gwajinta ya nuna matsala ana iya duba ta da madubi ba tare da illa ga cikin ba, aikin kuwa yawanci sai bayan ta haihu.

Wadda gwajinta ya fito lafiya ma ba ta gama ba ke nan. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a soma daga shekara 30, a maimaita gwajin HPV duk bayan shekara 5 zuwa 10, na binega ko na Pap kuwa duk shekara 3. Mai cuta mai karya garkuwar jiki ta soma daga shekara 25, ta kuma riƙa maimaitawa a kai a kai fiye da sauran.

Akwai alamun da ba a jiran ranar gwaji a kansu: jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan mace ta daina al'ada, ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, da ciwon mara ko baya da ya ƙi tafiya. Mata da yawa kan kai irin wannan jinin wurin malam su tambayi hukuncin salla da azumi. Muna roƙon malamanmu da malaman Islamiyya, bayan sun ba da fatawar jinin ciwo, su ƙara da cewa a je asibiti a cikin makon nan.

Inda Matanmu Ke Ɓacewa

Zaman baƙunci yana da nasa ramukan. Na farko harshe. Nas tana magana da Turanci ko Yarabanci ko Ibo ko Burokin, matar tana gyaɗa kai don kunya, ta fito ba ta san ko an ce ta dawo ba. Wani lokaci ɗanta mai shekara 12 ake sa wa ya yi tafinta, to wace uwa ce za ta yi maganar jinin saduwa ta bakin ɗan cikinta?

Na biyu tafiye-tafiye. Mazajenmu 'yan goro ne, dillalan shanu, direbobin manyan motoci, masu kayan gwari da ke kai da komo tsakanin Arewa da kasuwanni irin su Mile 12 a Legas. Maigida ya yi mako uku ba ya gari, bai bar izini ba, bai bar kuɗin mota ba, ranar asibiti ta zo ta wuce. Lambar wayar da aka bari a asibiti ma tasa ce, in an kira yana tsakiyar ciniki. Ita ma matar ta tafi gida wankan jego, ko biki, ko Salla, ta yi wata huɗu, kati yana Kudu.

Na uku, ɗabi'ar nan ta cewa babban ciwo sai a gida. Ba mu raina addu'a ba, kuma babu mai hana mutum kusantar danginsa. Amma canjin da za a iya ƙonewa cikin minti ɗaya ba ya jin jiƙo, watannin da aka ɓata kuwa ba sa dawowa. Abin mamaki ne a ce Hausawan Idi-Araba suna maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, mutanen Sabon Ibadan kuma ba su da nisa da asibitin UCH, amma a ɗauki mace a yi tafiyar kwana guda da ita zuwa ƙauyen da ba likita. In tafiyar ta zama dole, a karɓi takardar turawa daga likita, a ɗauki hoton duk takardun a waya, a nufi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Abin Da Doka Ta Ba Mu

Mu 'yan ƙasa ne a duk inda muke zaune. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a ko'ina cikin ƙasar, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa ko addininsa. Asibitin gwamnati na jihar da muke biyan haraji da kuɗin kasuwa a cikinta namu ne. Inda ake neman shaidar zama a jiha, kamar katin LASRRA a Legas, mazaunin jihar ake yi wa ko daga ina ya fito, don haka a yi wa mata da yara tun kafin buƙata ta taso.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara fayyace abin. Sashe na 23 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu, kuma gwargwadon iko ya yi hakan da harshen da mutum yake ji, tare da la'akari da matsayin karatunsa. Sashe na 26 ya wajabta rufin asiri. Sakamakon gwaji na mai jikin ne, ba a ba kishiya ko maƙwabciya ko mai rakiya sai da yardarta. Shi ma maigida daga bakinta ya kamata ya ji, kuma ya rage gare shi ya zama mutumin da ba za ta ji tsoron faɗa masa ba. Sashe na 30 ya ba da damar kai ƙorafi. A 2018 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyata, wanda ya nanata waɗannan abubuwa, har da sanin kuɗin da za a biya dalla-dalla da kuma mutunta majiyyaci.

Saboda haka kada mace ta tashi daga gaban nas sai ta samu amsar tambayoyi huɗu. Wane gwaji aka yi mini? Me aka gani? Me za a yi yanzu, kuma a ina? Wace rana zan dawo? Ta sa a rubuta mata ranar. Tana iya roƙon mace ta duba ta, in kuma babu sai namiji, ta nemi nas mace ta tsaya a ɗakin. Idan an wulaƙanta ta, a riƙe rana da sashen da abin ya faru, a kai wa shugabannin asibitin a rubuce cikin ladabi. Su ma ma'aikatan suna fama da cunkoso da ƙarancin kayan aiki, don haka a je da wuri, a bi layi, a girmama su.

Wani zai ce duk wannan magana ce, kuɗi ne babu. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma ko gwajin kyauta ne, na gaba da shi ba lallai ya zama kyauta ba. Amma a auna. Kuɗin madubi da ƙona wuri ɗaya ba a haɗa shi da kuɗin tiyata da gashi da ƙarin jini na wata da watanni, ga marayun da za a bari in abin ya ƙi. Manyan asibitocin koyarwa suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke duba halin marasa ƙarfi, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Kiranmu

Ga magidanta: kafin ka kama hanya, ka bar izini da kuɗin mota, ka kuma sa a rubuta lambar wayar matarka a katin. In kana gari ka raka ta.

Ga ƙungiyoyin mata da makarantun Islamiyya: a kowace unguwa a ware mata biyu ko uku masu riƙon amana da suke jin harshen garin, su zama 'yan rakiya kuma tafintoci. A cikin adashin da ake yi na biki da suna, a buɗe wani ɗan asusu na asibiti, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ungozomomi da masu sayar da kayan mata, ku ne kuka fi jin sirrin mata, ku riƙa tura su asibiti idan kun ji alamun da muka lissafa.

Ga sarakunan Hausawa da limamai: ku nemi hukumomin lafiya na ƙananan hukumomi su kawo gwajin unguwanninmu, amma ku tambaye su tun farko inda za a tura wadda aka ga matsala a jikinta da wanda zai bi sawunta. Gwajin da ba a shirya masa magani ba tsoro kawai yake bari a gida.

Ga iyaye baki ɗaya: a watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta sa allurar HPV cikin jerin riga-kafin gwamnati, aka soma da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta, aka kuma kai ta sauran jihohi a 2024. Mun san abin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da allura tun bayan gwajin maganin sanƙarau da aka yi a Kano a 1996. Amma wannan allurar tun 2006 ake amfani da ita a duniya, miliyoyin 'yan mata sun karɓa, kuma ba a samu cewa tana hana haihuwa ba. A je cibiyar riga-kafi mafi kusa a tambayi shekarun da ake yi wa yanzu. Wadda aka yi wa ma za ta yi gwaji idan ta kai shekarun, domin allurar ba ta rufe duk ire-iren ƙwayar ba.

A 2020 ƙasashen duniya suka amince da burin cewa zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata riga-kafi, a gwada kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Na ukun nan a hannunmu yake, domin asibiti ba zai yi wa wadda ba ta koma ba magani. Duk gidan da ke da takardar gwaji a ajiye, a ciro ta yau a duba ranar da aka rubuta. In ranar ta wuce, a tafi da ita haka nan, za a karɓa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.